Baƙon Hunturu

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2018 ne Kawu ya sauka gidanmu da ke unguwar Birni, a Damagaram, bayan ya kwana biyu bisa hanya daga wajajen Taskar. Kamar yadda ya saba, bai zo hannu rabbana ba, domin ya kawo cuku da ƴar jakar dabino. Amma tsarabar da ta ɗauke hankalin gidan duka tana cikin wani tsohon gwangwanin madara wanda aka huhhuda murfinsa da ƙusa. Ya kira autarmu, wadda a lokacin shekarunta bakwai, kuma ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya ce ta buɗe. Da ta ɗaga murfin sai ga ɗan kunkuru, bai fi ƙwan kaza girma ba, launinsa kamar na rairayi, ya shige cikin ƙoƙonsa ya toshe ƙofa da ƙafafunsa na gaba.

Kawu ya ce mata: “Ga abokin zama na kawo miki, jikanya. Gidan da ke da kunkuru ba ya rasa tsawon rai.” Mutanenmu da dama sun yi imani da haka, shi ya sa ake ganin wannan dabba a tsakar gidajen attajirai da na sarakuna. Ni dai ban yi gardama ba, domin na ga yarinyar ta yi dariya irin wadda muka yi makonni ba mu ji ba. Nan take ta raɗa masa suna Ɗan-Sannu. Bayan kwana uku Kawu ya koma daji, ya bar mu da baƙon da babu wanda ya san yadda ake saukar da shi.

Abin da muka yi masa da farko shi ne abin da Bahaushe yake yi wa kowane baƙo: muka ba shi ɗaki, muka kai masa abincinmu. Aka samo kwali, aka shimfiɗa tsumma, aka ajiye shi a lungun ɗakin yara, bisa daɓen siminti, nesa da rana da ƙura. Aka gutsuro tuwo aka sa masa, bai duba ba. Aka kawo shinkafa da wake, aka jiƙa burodi a madara, duk a banza. Labari ya bazu a unguwa, masu ba da shawara suka yi ta sallama. Wani maƙwabci ya ce a ba shi kifi, domin ya sha ganin irinsa a tabki yana cin ƴan kifaye da kwaɗi. Wanda ya gani ɗin kififiya ce, ita kuwa ƴar ruwa ce mai cin nama, tsakaninta da kunkurun tudu akwai nisa. Wata tsohuwa ta ce a buɗe bakinsa da tsinke a ɗura masa koko. Allah ya taimake mu ban yarda da wannan ba, domin ɗura irin wannan takan karya baki ko ta bi ta hanyar numfashi.

Kwana goma sha ɗaya Ɗan-Sannu bai sa komai a bakinsa ba. Idanunsa suka faɗa, ya daina fito da kai sai in an taɓa shi, kuma in ka ɗauke shi sai ka ji shi sakayau kamar busasshen goro. A daren na goma sha ɗaya aka zuba wa yara tuwo, autar ta ture kwanonta ta ce: “Baba, in bai ci ba, ni ma ba na ci.” Uwarta ta yi faɗa, ta yi lallashi, yarinya ta kafe. Ga shi ita kanta ba ta gama mayar da jikinta ba, wuyanta har yanzu kamar a ƙirga jijiyoyinsa. Daga wannan dare maganar ta tashi daga wasan yara ta koma damuwar maigida.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya, tun da mafi yawan masu karanta wannan shafi abokan aikina ne. Ni malamin ilimin halittu ne a kwaleji. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina bayyana wa ɗalibai cewa maciji da ƙadangare da kada da kunkuru ba sa samar da ɗumin jikinsu da kansu kamar yadda akuya ko ɗan Adam ke yi, daga rana da ƙasa suke aro shi. Na sha ba da wannan tambaya a jarrabawa, na sha jan jan biro a kan wanda ya kasa amsa ta. Amma da darasin ya shigo gidana a cikin gwangwanin madara, ban gane shi ba.

Inna ce ta gane shi. Mahaifiyata ta tashi a ƙasar Damargu, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma da yake ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Da safe ta sa aka kawo mata kwalin, ta ɗora ɗan kunkurun a tafin hannunta, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sa'an nan ta dubi jikanyarta ta ce: “Ke, je ki gaya wa mushen gidanku, abin nan ba ciwo ne da shi ba, sanyi yake ji. Mu da muna kiwo, wa ya taɓa ganin kunkuru yana yawo da hunturu? Yana can cikin raminsa. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, sa'an nan ake gamuwa da shi. Kuma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya tuƙa masa tuwo a daji ba.” Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji, saƙon bai buƙaci ɗan aike ba.

Washegari da asuba na ajiye ma'aunin zafi bisa daɓen da kwalin yake, ya nuna digiri 16. A Damagaram, daren Disamba da Janairu yakan sauko har ƙasa da digiri 15. Kunkuru kuwa cikinsa ba ya narkar da abinci yadda ya kamata sai jikinsa ya ɗumama zuwa wajen digiri 30. In ya yi sanyi, hanjinsa yakan yi nauyi, sha'awar abinci ta ɗauke, garkuwar jikinsa ta raunana. A daji yana da mafita, domin irin namu na Sahel gwanin haƙa ne: yakan tona rami mai tsawon mita da yawa, inda zafin bazara ba ya kai wa, sanyin dare ba ya ratsawa, kuma akwai ɗan laima da ke hana jikinsa bushewa. Ƙananan sukan fake a ƙananan ramuka da gindin ciyayi. Mu kuwa mun raba shi da rami, mun raba shi da rana, muka ɗora shi bisa siminti a cikin iskar hunturu mai tsotse ruwan jiki, muna mamakin don me ya ƙi cin shinkafa.

Muka sake shiri tun daga tushe. A gefen tsakar gida da hantsi ke fara sauka, muka kewaye wuri kamar taki biyu da tubali, muka zuba ƙasa gauraye da rairayi. Inna ta ba da wata fasasshiyar tukunya, aka kifa ta a kusurwa ta zama ɗakinsa, ana ɗan yayyafa wa ƙasar cikinta ruwa da hantsi. Rabin wurin muka rufe da zana domin inuwa, saboda ɗan kunkuru in rana ta buɗe a kansa babu wurin gudu, zafi yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Sama kuma muka ɗaura raga, don shirwa da hankaka da kyanwar maƙwabta. Da la'asar sakaliya sai a mayar da shi ɗaki cikin akwatin katako mai busasshiyar ƙasa, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefe guda, a rufe saboda ɓeraye. Laima tare da ɗumi alheri ne gare shi, amma laima tare da sanyi shi ke kawo ciwon huhu.

Abu na biyu shi ne ruwa. Kowace safiya, in rana ta ɗaga, autar takan zuba ruwan ɗumi irin na wankan jariri a faranti, daidai yadda zai taɓa haɓarsa ba tare da ya rufe hancinsa ba, ta zaunar da shi ciki minti 15 zuwa 20 tana gadinsa. A rana ta farko ya yi kamar dutse. A ta biyu sai muka ga ya miƙo wuya a hankali, ya tsoma baki, maƙogwaronsa yana motsi. Ya daɗe yana sha. Bayan haka ya fitar da wani farin abu mai tsakuwa-tsakuwa kamar dakakken alli. Wannan shi ne irin fitsarinsu, kuma in ya fito da laushi kamar kindirmo to jiki na da ruwa, in ya fito da tauri to ƙishirwa ta daɗe. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, mun yi sa'a baƙon namu rabin moɗa ya ishe shi.

Abu na uku shi ne abincin kansa. Kunkurun Sahel makiyayi ne kamar tunkiya: ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, sai ganyaye da furanni. Da hunturu ɗanyar ciyawa ta yi wuya a cikin gari, don haka ranar Lahadi na hau babur na tafi garakan Mirya, na roƙi wani mai lambu ya bar ni in tsinko kiri-kiri daga bakin kwalbatin ban ruwa, bayan ya tabbatar mini bai fesa magani a wurin ba. Ya haɗa mini da ganyen yakuwa da na rama da furen kabewa guda huɗu, ya ƙi karɓar ko dala, yana dariya wai bai taɓa yin cefanen kunkuru ba. Muka yayyanka su ƙanana-ƙanana muka zuba bisa faffaɗan dutse, bayan ya sha hantsi ya sha ruwa, sa'an nan na kori kowa daga wurin. Wannan ma darasi ne, domin a kwanakin farko yaran unguwa sun yi ta ɗaukarsa suna juya shi, alhali a idon ɗan kunkuru duk abin da ya ɗaga shi sama mai cinye shi ne.

Rana ta goma sha shida da zuwansa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muna leƙe ta tagar ɗaki ni da autar. Ya fito daga tukunyarsa, ya tsaya, ya nufi dutsen da irin tafiyar da aka san shi da ita. Ya wuce ciyawar, ya wuce yakuwar, ya tsaya gaban furen kabewa mai ruwan ɗorawa. Ya sunsuna shi, ya buɗe baki ya kai cizo ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure, a na uku ya yage ɗan guntu. Yarinyar ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ba ta yi ihu ba, don kada ya tsorata. Da rana ta cinye kwanonta na dambu, ta nemi ƙari.

Daga nan sai muka buɗe littafi. Na aro ƙaramin sikeli, muka riƙa auna shi kowace Juma'a, ita ce mai rubutawa. Awon farko giram 47 ne. Mako biyu bai motsa ba, a na uku ya zama 49, zuwa ƙarshen Fabrairu ya kai 61. A cikin wannan littafi ne ta koyi jera lambobi a layi da ɗebe ƙarami daga babba, abin da ya gagare ta a lakwal. Sau biyu a mako mukan barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, domin ƙoƙon bayansa ƙashi ne, yana buƙatar sinadarin kalsiyam, kuma jikinsa ba ya iya amfani da kalsiyam ɗin sai da bitamin D wanda hasken rana ke sa fata ta samar. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya yin wannan aiki. Kunkurun da aka tsare a ɗaki ƙoƙonsa yakan yi laushi, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Salati da kankana da tumatir yana son su ƙwarai, amma mun mai da su abin marmari, saboda in suka yi yawa sukan sa zawo, kuma su sa ya raina ciyawa. Nama da madara da tuwo kuwa mun hana baki ɗaya: suna wahalar da ƙoda, suna sa girma na gaggawa wanda ke ɓata siffar ƙoƙo. Muka kuma kafa doka cewa duk wanda ya taɓa shi ko farantinsa sai ya wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar salmonela ba tare da ta dame su ba, ita kuwa tana kwantar da yaro.

Akwai wani haɗari da ya kamata duk mai kiwo ya sani. Da na ga nauyinsa ya tsaya a makonnin farko, na yi zaton tsutsar ciki ce, har na yi niyyar ɗiga masa maganin da muke yi wa tumakinmu allura da shi, wato ibamektin, wanda ake samu a kowace kasuwar dabbobi. Allah ya sa na fara tambayar wani likitan dabbobi, abokin karatuna. Ya ce kada in kuskura, domin wannan magani da ke warkar da rago guba ne ga kunkuru, yana shanye masa jiki har ya kashe shi. Ya ƙara da cewa in na ga kumfa ko majina a hancinsa, ko yana buɗe baki yana numfashi, ko idanu sun kumbura sun rufe, to wannan ya wuce gyaran gida, in kawo shi. Ba mu kai ga haka ba.

Da hankali ya kwanta sai wata tambaya ta taso mini, wadda ta fi ta abinci nauyi: da wane haƙƙi wannan dabba take tsakar gidana? Na koma ga karatu. Irin wannan kunkuru, mai ƙayoyi a cinyoyin baya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma babu wanda ya kai shi a cikin waɗanda ke zaune a babban tudu. Namiji yana iya wuce kilo 70, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 70. Ƙasarsa ita ce wannan ɗamara ta Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya har zuwa Sudan da Eritiriya da Habasha. Amma yana ƙarewa a daji. Dabbobin kiwo sun yi yawa a makiyayarsa, gonaki suna cin daji, gobara tana cinye ciyawa, sa'an nan ga masu tsince shi domin sayarwa ko tsaraba. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare domin ciniki, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sa shi a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. A ƙasarmu akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, kuma gandun Termit da Tin Tuma da aka kafa a 2012 yana daga cikin wuraren da suka rage masa. Daga wajajen nan ne Kawu ya tsinto namu.

Na yi tunanin mayar da shi. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin gandun daji ya ce kada in yi haka da ka: dabbar da ta zauna a gida cikin kaji da tumaki tana iya kai wa na daji cuta, kuma ɗan ƙarami irin wannan da aka saki a wurin da ba a zaɓa ba, abincin dila ne kawai. Mayarwa aikin masana ne, kamar yadda ake yi a Senegal, inda ake renon su a killace kafin a sake su a yankin Ferlo. Saboda haka ya zauna, kuma nauyinsa ya hau wuyanmu. Tun muna yara aka karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na lura cewa ciyarwar ma sai da sani, domin mu mun cika kwali da abinci, amma da Inna ba ta yi magana ba, da yunwa ce za ta kashe shi a gaban tuwo.

Da Kawu ya dawo bayan damana, ya ga yadda abokin jikanyarsa ya yi kyau, sai ya ce zai samo masa mata. Na ce: “Kawu, ku yi haƙuri, wannan ɗaya ya isa. In kun sake gamuwa da wani, ku bar shi inda yake.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma ya lura, da can in ruwa ya sauka sukan ga sawunsu ko'ina a gindin duwatsu, yanzu kuwa sai a yi damana biyu ba a ga ɗaya ba. Bai ji daɗin maganata ba, amma bai sake kawowa ba.

Ni kuma na canza yadda nake koyar da wannan babi. Ɗalibanmu sun san kunkuru a karin magana, sun san yana son dambe ba shi da yatsa, amma da na tambayi aji mai mutum sittin da wani abu wa ya taɓa ganinsa a daji, hannu biyu kawai aka ɗaga. Yanzu nakan fara da aike su gida su tambayi kakanninsu yaushe ake ganin kunkuru, me yake ci, ina yake kwana, su rubuto amsar da Hausa. Sai mun karanta waɗannan amsoshi sa'an nan mu buɗe littafin Faransanci, kuma sau da yawa mukan tarar tsofaffin sun riga littafin. Ina roƙon ƙungiyoyinmu na raya al'adu, waɗanda ke tattara tatsuniyoyi da waƙoƙi, su haɗa da irin wannan sani na makiyaya da manoma game da dabbobi da tsirrai, domin masu shi suna tafiya.

Inna ta rasu a shekarar 2022. Kafin rasuwarta takan sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da shingen, ita da shi suna shan hantsi, tana tsokanar jikanyarta wai mijin nata ya fi ta haƙuri. Ɗan-Sannu yanzu ya wuce kilo 12, tukunyar da ta ba shi ko kansa da ƙafafunsa ba za ta rufe ba. Ya tona rami a gindin katangar gabas har sai da na kira magini, kuma harawar tumaki ba ta tsira daga gare shi in aka bar ƙofa a buɗe. Autar tana kwaleji, har yau ita ke riƙe da littafin awo, ko da yake yanzu sai an sa shi a buhu an rataya a sikelin mai sayar da hatsi. In lissafin masana ya yi daidai, zai ga bayana, wataƙila ya ga jikokinta. Na riga na gaya wa ƴan'uwanta cewa ranar da za a kai ta ɗakinta, da shi za a tafi, kuma duk wanda ya zo neman aurenta sai an fara tambayarsa ko gidansu na da tsakar gida mai samun hantsi.